TAKARDAR DA KE BIYO KAYA

Kusan kowane kayan kanti da a ke kawowa kasuwannin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi yana zuwa da takardarsa. Wata an manna ta a jikin kwalba, wata an naɗe ta an cusa cikin kwali, wata kuwa ɗan littafi ce sosai mai shafi talatin ko arba'in. Aikinsu duka guda ne, watau su gaya wa wanda ya saya yadda zai mori abin da ya saya, ba tare da ya ɓata shi ko ya cuci kansa ba. To, da ya ke rubutu ne, kuma don a karanta aka yi shi, ya kamata a auna shi da ma'aunin da a ke auna kowane rubutu. Wa aka rubuta wa, me aka so ya gane, ya kuwa gane ɗin? In an auna da wannan ma'auni, sai a ga yawancin takardun nan ba su cika mudu ba.

Zancen ya fi nauyi a wannan yanki na ƙasar Zazzau, domin ƙasa ce ta manoma. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila, Ikara da Kudan da tumatir da barkono da albasa, ga masara da dawa da wake ko'ina. A da kayan aikin manomi garma ce da fartanya da lauje, maƙerin garinsu ya ƙera, ubansa ya koya masa riƙonsu, ba mai bukatar takarda. Yanzu kuwa a ɗakin manomi ɗaya sai a sami takin zamani, da maganin ciyawa, da maganin ƙwari iri biyu ko uku, da famfon feshi, da injin ban ruwa. An yi su a Sin, ko Indiya, ko Turai, wanda ya yi su bai taɓa taka fadamar Likoro ba, ba kuwa zai taka ba. Abin da ya rage tsakaninsa da manomi sai wannan 'yar takarda. Ita ce jakadarsa. In jakada ya zo ya yi shiru, ko ya yi magana da harshen da ba a ji, to, tafiyarsa ta zama banza.

Abin da ido ya ke fara gani shi ne harshe. Takardun nan da Turanci a ke buga su, a kan ƙara Faransanci don ƙasashen maƙwabta, ɗan littafin inji kuwa har da Larabci da rubutun Sin a kan samu a ciki. Hausa sai nadiran. Wannan abin takaici ne in aka tuna wahalar da aka sha kafin karatun boko da Hausa ya zauna a ƙasar nan. Tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A farkon shekarun 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, dattawa masu furfura suka zauna a zaure suna koyon baƙi da wasali, hukumar NORLA kuma ta yi ta buga musu ƙananan littattafai na noma da kiwon lafiya. Har yanzu ajin manya bai mutu ba. Amma mutum ya gama ajin, ya iya karanta wasiƙa da jarida, ya ɗauki kwalbar da za ta iya kashe shi, bai sami kalma ɗaya da zai karanta ba. Dokar kare masu sayen kaya da aka sa wa hannu a 2019 ta ce mai saye yana da hakkin a ba shi bayani da magana mai sauƙi wadda zai fahimta. Ga manomin Gubuchi ko na Paki, magana mai sauƙi ba ta da wata ma'ana da ta wuce Hausa.

Amma fa kada a zaci fassara kaɗai za ta kashe maganar. Da a yau za a juya dukan takardun nan zuwa Hausa kalma da kalma, da yawancinsu sun kasance a rufe kamar dā, domin babban ciwonsu a wajen awo ya ke.

Ga misali. A ce takardar wani maganin ciyawa ta ce a zuba lita 4 cikin ruwa lita 200 a fesa wa hekta ɗaya. Maganar daidai ce, ba ƙarya a ciki, malamin gona zai karanta ya gyaɗa kai. To, amma wane manomi ne ya san gonarsa da hekta? Ya san ta da tiya nawa na iri ta ke ci, ya san ta da kwana nawa shanu ke yi suna huɗarta, ya san dami nawa ta ba ubansa. Ba ya kuma da tukunyar da ke cin lita 200 a bakin gona. Abin da ya ke da shi famfo ne da ya ke goyawa, wani mai cin lita 15, wani 16, wani 20. Tambayar da ke bakinsa guda ce, nawa zai zuba a famfo ɗaya? Kafin ya sami amsa sai ya raba lita 4 gida 200, ya sami mililita 20 a kowace lita ta ruwa, sa'an nan ya riɓa da abin da famfonsa ke ci: 300 ga mai 15, 320 ga mai 16, 400 ga mai 20. Bayan wannan sai ya nemo abin da zai auna mililita da shi. Lissafi ne da akawun kamfani zai yi sau ɗaya a kan teburinsa cikin minti biyu, ya buga a kwalba, ya hutar da mutum dubu. Maimakon haka an bar wa kowane manomi ya yi nasa a tsakiyar rana, da goyon famfo a baya.

Da ya ke ba wanda zai tsaya wannan lissafi, sai jama'a suka yi wa kansu ma'auni. Gwangwanin madara ɗaya a famfo, ko rabinsa, ko gwangwanin tumatir, ko murfin kwalba kaza. Ba za a ga laifinsu ba, gama wanda aka hana tsani dole ya hau da igiya. Illar ita ce ma'aunin ya kan bi bakin mutane daga wannan magani zuwa wancan, alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya rage, ciyawa ta yi lakwas kwana uku ta miƙe, ya ce jabu aka sayar masa. Wanda ya ƙara, ya ƙone shukarsa, ko ya bar dafi a ƙasa ya cuci abin da zai shuka baya. Dukansu biyu sun yi hasarar kuɗi, takarda kuwa tana nan manne a kwalba, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi amfani ba.

Akwai masu cewa, to, sai a rubuta awon da gwangwani da cokali mana, tun da su mutane suka sani. Shawara ce mai kyau, an kuwa taɓa gwada irinta aka ga amfani. A shekarun 1980, sa'ad da aka tashi yaƙi da gudawar yara, an koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙaramin cokali da kwalbar lemo, kayan da ke kowane gida, har abin ya zauna a ka. Haka kuma shirin Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya a 1992 ya yi aiki da manoman masara a jihar Kaduna, ya koya wa mutane auna taki da murfin kwalba a binne a gindin shuka. Amma awon gida yana da nasa haɗari. Kwalbar lemo ta yau ba ta jiya ba ce, akwai ƙarama akwai babba, gwangwanin madara ma haka, kamar yadda tiyar wata kasuwa ba ta kai ta wata. Abin da ya fi dacewa ga magani mai dafi shi ne kamfani ya haɗo ɗan kofin awo da kowace kwalba, mai zane a jiki, a kuma zana hoton famfo da hoton kofin kusa da juna a takarda. Waɗansu kamfanoni suna yin haka, sun cancanci yabo. Saura ba su da hujja, don kuɗin ɗan kofin roba bai kai na kwalin da aka sa kwalbar ba.

Bayan awo sai jeri, watau abin da aka sa a gaba da abin da aka tura baya. In an duba kwalba, sai a ga sunan magani da manyan baƙaƙe, da hoton masara mai goyo biyu ko tumatir ja wur. Wannan talla ce, ba bayani ba. Maganar da rai ya rataya a kanta kuwa tana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero, waɗanda dattijo ba zai gani ba ko da tabarau. A cikin irin waɗannan layuka ne a ke ɓoye kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinkar amfani. Ga mai lambun tumatir babu layin da ya fi wannan muhimmanci, domin shi kullum cikin tsinka ya ke, kwando ya cika yau, gobe yana kan mota zuwa Ikko. A 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye lambuna har gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, tsoro ya sa mutane suka yi ta feshi ba ƙaƙƙautawa, suna gauraya magani biyu ko uku a famfo guda. Tsutsa ce mai shiga cikin ganye da cikin 'ya'ya, kuma mai saurin sabawa da magani in an nace mata da iri ɗaya. Da takardun sun faɗi wannan a fili da Hausa, suka nuna kuma waɗanne magunguna ne suna daban-daban amma asalinsu ɗaya, da an rage hasara.

Wake ma ya sha irin wannan. Maganin ƙwarin da aka yi don gona sai ya koma rumbu, a yayyafa wa wake kai tsaye don gudun ƙwaro. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan dafin da suka samu a cikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kantuna da kasuwanni barkatai. Hanin ya yi daidai. Amma abin tambaya shi ne, a duk shekarun da kwalaben suka yi suna yawo, me ya hana a rubuta a goshinsu da Hausa, da baƙaƙe manya, cewa ba a sa wa abinci, ba a fesawa a ɗakin kwana?

Masu kamfani za su ce ai sun sa hotuna don wanda bai iya karatu ba. Gaskiya ne, a gindin kowace takardar maganin ƙwari akwai ɗamara mai launi, da 'yan hotuna a jere, bisa tsarin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa. Ja shi ne mafi dafi, rawaya na biye, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. Tsari ne mai hikima, sai dai ba a haifi kowa da saninsa ba. Hoto ma harshe ne, sai an koya. Wanda ba a gaya wa ba yana iya ɗaukar ja alamar magani mai ƙarfi wanda ya fi aiki, ya ce shi za a ba shi. Hoton kifi da aka sa don a ce kada a bari ya shiga rafi, a ƙasar da aka daɗe ana zuba Gammalin a ruwa don kama kifi, yana iya zama gayyata. Hoton wanke hannu kuwa famfon ruwa na birni aka zana, alhali mai feshin da buta ya ke wanka ko a bakin rijiya. Ga kuma hoton mutum sanye da safar hannu da takalmin roba da abin rufe fuska, kayan da sau da yawa ba a samunsu a shagon da aka sayi maganin. Takarda mai hankali ba za ta tsaya ga faɗin abin da ya fi kyau kaɗai ba, za ta ƙara da abin da talaka zai iya: ya sa riga mai dogon hannu da wando, ya yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, ya ba iska baya, kada ya busa bakin famfo da bakinsa in ya toshe, kada ya ci goro ko ya sha taba sai ya wanke hannu da sabulu, ya wanke kayan feshi daban da na iyali.

Ɗan littafin inji ba sai an daɗe a kansa ba, ciwonsa ɗaya ne da na kwalba. Ya kan ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Injin ba shi da agogo, mai shi ba ya ƙidayar awa. Da an ce wanda ke ban ruwa awa biyar a yini ya juye bayan kwana huɗu, daga nan duk bayan kwana ashirin, da kowa ya riƙe. Abu biyu ne suka fi kashe sabon injin ban ruwa, tayar da shi ba mai a ciki, da tayar da shi ba a cika cikinsa da ruwa ba. Abu ɗaya ne ya fi kashe mai janareta, watau kunna shi a cikin ɗaki ko a zaure a rufe, hayaƙinsa ya kwantar da mutanen gida cikin barci. Waɗannan ya kamata a buga a jikin ƙarfen kansa, domin littafi ya kan ɓace tun ranar da aka yage kwali, yara su yi wasa da shi, ko mai ƙosai ta naɗe ƙosai.

Ba duka aka taru aka lalace ba. Buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda a ke kira PICS, da masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi aka fara yaɗa shi a 2007, bayaninsa abin koyi ne. Matakan kaɗan ne, kowanne da hotonsa, kuma a jere su ke yadda hannu zai bi: a busar da wake, a duba leda ko ta huje, a sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba, a matse iska, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure kowace daban. Ba lissafi, ba dafi. Abin da ya fi wannan, ba a dogara ga takarda kaɗai ba. An bi ƙauyuka an ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni aka dawo aka kwance a gabansu, kowa ya damƙi waken ya gani da idonsa. Haka nan waɗansu fakitin maganin zazzaɓin cizon sauro, an jera ƙwayoyin layi-layi da hoton rana da na wata, uwa ta duba ta san na safe da na dare har kwana uku. Masu waɗannan sun fara tambayar kansu wa zai riƙe abin a hannu, kafin su ɗauki alƙalami.

In kuwa za a yi Hausar, to, a yi ta da kyau, gama gurguwar fassara ta fi rashinta haɗari, don mai karatu ya kan amince da abin da ya gani da harshensa. Yanzu da na'ura ke fassara, jarabar ta ƙaru, a zuba Turanci a kwashi Hausa a buga ba wanda ya duba. Ko maɗaba'a ta yi sakaci ta zubar da ƙugiyar baƙaƙe, ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa. Mafassara ba su yi ƙaranci a ƙasar Zazzau ba. Ga Samaru, inda a ke binciken noma tun 1922, da ma'aikatanta da suka daɗe suna rubuta wa manoma da Hausa, ga kwalejin koyon aikin lafiya a Maƙarfi, ga malaman gona a kowace ƙaramar hukuma. Gwajin kuma ba shi da wuya. A ɗauki takardar a kai ajin manya a Ikara ko Kudan, a miƙa wa mutum goma tare da famfo da kofi da ruwa zalla, a ce kowa ya haɗa yadda ya karanta, mai rubutun ya koma gefe ya kama bakinsa. In bakwai suka haɗa daidai uku suka kuskure, takardar ce za a gyara. Kada kuma a manta da ajami. A ƙauyukan nan akwai dattawa da mata da yawa da suka yi karatun allo ba su shiga boko ba, har yau kuwa da ajami a ke rubuta adadin kuɗi a takardun naira 200 da 500 da 1000. Layi biyu na gargaɗi da ajami ba za su cika kwalba ba.

Saura wani gibi da takarda ba ta iya toshewa ita kaɗai. Mutane da yawa ba sa sayen kwalba sukutum. Mai shago ya kan fasa lita ɗaya ya ɗura wa wannan kaɗan a kwalbar lemo, wancan a leda, takardar ta zauna a shago, dafin ya tafi gida ba suna ba alama, a ajiye shi a kan taga inda yaro zai iya kaiwa. Wani kuma ba shi ke feshin ba, samari 'yan feshi ya ke ɗauka haya, su ne ke haɗawa. Kwalbar da ta ƙare, wadda takarda ta ce a ɗauraye sau uku a huda a yar, sai a gan ta an zuba man gyaɗa ko ruwan sha a ciki. A irin wannan ciniki mai shago shi ne takardar, abin da ya faɗa shi mai saye zai bi. Saboda haka bayanin Hausa ya kamata a yi shi iri biyu, ƙarami a jikin kwalba, da babba kamar allo wanda za a kafa a kowane shagon maganin gona daga Tashar Yari har Auchan, mai nuna launukan nan huɗu da ma'anarsu, da awon kowane famfo, da kwanakin jira kafin tsinka. Kamfanonin da ke iya buga kalanda mai hoton kayansu su raba wa shaguna kyauta kowace shekara, ba za su ce kuɗin buga wannan allo ya gagare su ba.